Dashen ɓargo ko kemo da aka saba: me gwaje-gwaje suka nuna a kan sankarar mama da ta yi nisa?

Ranar da likita ya ce sankarar mama ta bar inda take ta kama ƙashi ko hanta, tambayar da ke fara fita daga bakin dangi kusan ɗaya ce: "Likita, babu wani magani da ya fi wannan ƙarfi?" Daga nan sai wani ya shiga intanet ya ci karo da dashen ɓargo, ya ga an ce da shi ake ceto masu sankarar jini har ma da masu sikila, ya ce to me zai hana a gwada shi a nan? Tambaya ce ta mai hankali, kuma ba yau aka fara yin ta ba. Manyan likitocin sankara na Amurka sun yi ta tun cikin shekarun 1980, mata fiye da 30,000 suka bi wannan hanya, aka kashe biliyoyin daloli, amsar kuma tana nan a rubuce.

Kafin a shiga kwatance, kalmar "ta yi nisa" tana ɗaukar abu biyu, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Akwai mataki na 3, inda ciwon ya girma ko ya cika kaluluwar hammata amma bai tsallaka zuwa wasu gaɓoɓi ba. Nan ana magani ne da niyyar warkewa. Akwai mataki na 4, inda ya isa ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa. Nan abin da ake nema shi ne a danne ciwon, a tsawaita rai, a kuma kiyaye daɗin rayuwar. An gwada dashen a duka biyun.

Abin da dashen yake, da abin da ba shi ba

Sunan yana ruɗa mutane. Dashen ɓargo a sankarar mama ba ya kashe ƙwayar sankara ko ɗaya. Kemo, wato magungunan sankara masu ƙarfi, ita ce ke kashewa. Matsalar kemo ita ce ba ta bambanta ƙwayar sankara da ƙwayoyin asali da ke cikin ɓargo, waɗanda su ne iyayen jini: su ke haifar da jajayen ƙwayoyi, da farare masu yaƙi da cuta, da masu daskarar da jini in an ji rauni. Shi ya sa likita ke auna kemo daidai yadda ɓargo zai iya farfaɗowa cikin mako biyu ko uku. Dabarar dashen ita ce a ɗebi ƙwayoyin asalin mace a ajiye a gefe, a zuba mata kemo ninkin-ba-ninkin abin da jiki ke iya ɗauka, ɓargon ya mutu, sannan a mayar mata da ajiyarta. Wato igiya ce da ake ɗaura wa mutum kafin a zura shi rijiya. Igiyar tana dawo da shi sama, amma ba ita ke ɗebo ruwan ba.

Ga yadda abin yake a aikace. Ana yi wa mace allurar filgrastim na 'yan kwanaki don ƙwayoyin asali su fito daga ɓargo su shiga jini. Yawanci ƙashin baya da na ƙugu kan yi ta ciwo a lokacin. Sai a jona ta da na'ura ta yi awa huɗu zuwa shida jini na fita ta wannan bututu yana komawa ta wancan, na'urar tana tace abin da ake so. A daskarar da shi. Sannan a kwantar da ita a ba ta magungunan kwana da kwanaki, irin su cyclophosphamide da thiotepa da carboplatin. Thiotepa yana fita ta fata tare da gumi, don haka sai an riƙa yin wanka sau da dama a rana kada ya ƙona jiki. Ranar da za a mayar da ƙwayoyin ba ta da wani armashi: 'yar leda ce kamar ta ƙarin jini, sai wani wari mai kama da na tafarnuwa da ke cika ɗakin, daga sinadarin da aka adana su da shi. Wahalar tana gaba. Kwana goma zuwa sha huɗu jiki ba shi da sojan kare kai. Baki da maƙogwaro su ɗaye har haɗiyar miyau ta zama aiki, gudawa, zazzaɓi, ƙarin jini a kai a kai, kowane mai shigowa sai ya wanke hannu ya rufe hanci. Kowace safiya ana jiran takardar gwajin jini a ga ko fararen ƙwayoyi sun fara lekowa.

Ita kuwa kemo da aka saba, yawanci zuwa ake a yi ƙarin ruwa na awa ɗaya zuwa uku a koma gida, kowane mako ko bayan mako uku. Wata ma ƙwaya ce, kamar capecitabine. Ba a ce ba ta da wuya ba: ga tashin zuciya, zubewar gashi, gajiya, mutuwar yatsu. Amma in ta yi yawa ana iya ragewa, a ɗaga, ko a sauya. Kemo mai kashe ɓargo kuwa, da zarar ta shiga jijiya babu komawa baya.

Dalilin da ya sa aka yarda da shi

Tunanin bai fito daga banza ba. Gwaje-gwajen ɓeraye sun nuna cewa ƙarin magani na kashe ƙarin ƙwayoyin sankara. Dashen ɓargo ya riga ya yi abin mamaki a sankarar jini, har E. Donnall Thomas ya samu lambar Nobel a 1990 saboda shi. A Boston, Emil Frei da William Peters suka fara gwada shi a kan sankarar mama. Peters ya ci gaba a jami'ar Duke, kuma a 1993 ya wallafa sakamakon da ya girgiza likitoci: matan da ciwon ya kama musu kaluluwa goma ko fiye, waɗanda aka yi wa dashen, sun fi matan da aka yi wa magani a shekarun baya tsira nesa ba kusa ba. A masu mataki na 4 kuma ana ganin ƙari yana narkewa a hoto fiye da yadda aka saba.

Ramin yana cikin wannan kalma ta "shekarun baya". Ba kowace mace ake yi wa dashe ba. Sai mai ƙarancin shekaru, mai lafiyayyar zuciya da ƙoda da huhu, wadda ciwon bai kai ƙwaƙwalwa ba, wadda kuma kemo ta farko ta riga ta karɓe ta. In ka tsamo dawakai mafi ƙoshi daga garke ka ɗaura musu sabon sirdi suka yi tsere suka ci, ba sirdin za a yaba ba. Likitocin cibiyar MD Anderson da ke Houston sun nuna haka ƙarara a 1997. Sun koma kan fayilolin mata 1,581 masu mataki na 4 da aka ba kemo ta yau da kullum kawai, suka ware waɗanda da sun cika sharuɗɗan dashe. Waɗannan sun rayu wata 30 a tsakiyar lissafi, wato rabinsu sun wuce haka rabi ba su kai ba, sauran kuma wata 17. Ba wadda aka yi wa dashe a cikinsu. Tankaɗe da rairaya kaɗai ya kawo wannan tazara.

Amma kafin wannan ya fito, jirgin ya riga ya tashi. A Kalifoniya, wata mata mai suna Nelene Fox ta nemi kamfanin inshorarta, Health Net, ya biya mata kuɗin dashen, ya ƙi, yana cewa abu ne da ba a tabbatar ba. Aka tara mata kuɗi aka yi, ta rasu a 1993, iyalinta suka kai ƙara, kotu ta yanke diyyar dala miliyan 89. Daga nan kamfanonin inshora suka shiga taitayinsu, wasu jihohi suka kafa dokar tilasta biya, asibitoci suka yi ta buɗe sassan dashe, ana cajin dala dubu 80 zuwa sama a kan kowace mace. Abin takaicin shi ne wannan yarda ta kusa hana a gano gaskiya. Gwaji na haƙiƙa yana buƙatar a raba mata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi a yi musu dashe, rabi a ba su maganin da aka saba. To wace ce za ta yarda a jefa mata ƙuri'a alhali an gaya mata ga abin da zai cece ta? Wanda ya faɗa rijiya, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ban ga laifin matan ba ko kaɗan. Gwaje-gwajen da ya kamata su ƙare cikin shekara uku suka ja har wajen shekara bakwai saboda rashin masu shiga.

Da aka jefa ƙuri'ar

Gwajin Filadelfiya, wanda Edward Stadtmauer ya jagoranta aka wallafa a 2000, shi ne ya fi dacewa da mai mataki na 4. Mata 553 suka shiga. Aka fara ba su kemo ta yau da kullum, sannan cikin waɗanda ciwon ya ja baya aka raba 199: 110 dashe, 89 ci gaba da tsohon haɗin kemo mai magani uku da ake kira CMF. Bayan shekara uku, kashi 32 cikin ɗari na masu dashe suna raye, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 38. Lokacin da ciwon ya ɗauka kafin ya sake motsi: wata 9.6 da wata 9.0. A ma'aunin masu lissafi babu bambanci. Sai dai masu dashen sun fi shan wuya.

A mataki na 3 ma haka. Babban gwajin da Peters da kansa ya jagoranta, mai mata 785, bai nuna ƙarin tsawon rai ba. Ciwon ya ɗan rage dawowa a masu dashe, amma mata 33 daga cikin kusan 400 maganin ne ya yi ajalinsu, yayin da a ɗaya rukunin babu ko ɗaya. Abin da aka samu ta ƙofa ya fice ta taga. Wani gwajin na Martin Tallman, wanda ya fito a 2003 da mata 511, ya ƙara wani abu: tara sun rasu sanadin dashen, tara kuma daga baya suka kamu da lalacewar ɓargo ko sankarar jini.

Gwaji ɗaya ne ya fita daban, kuma labarinsa ya cancanci a tsaya a kai. Werner Bezwoda na jami'ar Witwatersrand da ke Afirka ta Kudu ya wallafa a 1995 cewa a cikin mata 90 masu mataki na 4, ciwon ya ɓace gaba ɗaya a kashi 51 na masu dashe, a kashi 4 kacal na sauran. A watan Mayun 1999, a babban taron likitocin sankara da aka yi a Atlanta, an gabatar da gwaje-gwaje biyar. Huɗu ba su nuna fifiko ba, nasa ne kaɗai, wannan karon mai mata 154, ya nuna nasara ƙarara. Masu son dashe suka riƙe shi gam. Kafin a kafa wani babban gwaji a kan tsarinsa, sai aka tura tawaga ƙarƙashin Raymond Weiss ta je ta ga fayilolin da idonta. A Janairun 2000 suka isa. Fayil 58 aka miƙa musu, duk na ɓangaren dashe. Suka nemi na ɗaya ɓangaren, aka hana. A cikin waɗanda suka gani, da yawa ba su cika sharuɗɗan shiga ba, babu takardar amincewa da sa hannun marasa lafiya, kwamitin ɗa'a na jami'ar bai taɓa ganin tsarin ba, kuma maganin da aka ba rukunin kwatance ba shi ne wanda aka faɗa a taro ba. Bezwoda ya amsa cewa ya saɓa wa gaskiyar kimiyya, jami'ar ta kore shi a Maris, mujallar da ta buga aikinsa na 1995 ta janye shi a 2001 bayan bincike na biyu ya samo bayanan mata 61 kawai cikin 90. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa mata nawa aka kwantar a ɗakin dashe saboda wannan takarda?

A 2011 Donald Berry da abokan aikinsa suka tattara bayanan duka gwaje-gwajen ƙuri'a wuri guda. A mataki na 4, gwaji shida, mata 866: dashe ya jinkirta motsin ciwon, kusan wata 11 maimakon 8, amma tsawon rai kusan wata 26 ne da wata 24, tazarar da za ta iya zama dace kawai. A masu haɗarin dawowar ciwo bayan tiyata, gwaji 15, mata 6,210: dawowar ta ragu kaɗan, tsawon rai bai sauya ba. A nan ne nake ganin darasin da ya fi wuyar haɗiya. Ƙari ya ƙanƙance a hoto abu ne, mace ta ƙara shekaru abu ne daban. Wata ukun da aka samu na jinkiri, wani kaso nasa a gadon asibiti da jinyar farfaɗowa ya tafi.

Adalci ya sa a ambaci Holan. Sjoerd Rodenhuis ya jagoranci gwaji mai mata 885 da ciwon ya kama wa kaluluwa huɗu ko fiye, kuma an bi su shekara 20. A jimlace kashi 45.3 na masu dashe suna raye, da kashi 41.5 na sauran, bambancin da bai kai a kafa hujja da shi ba. Amma a masu kaluluwa goma zuwa sama an ga tazarar kusan kashi 15 cikin ɗari. Wannan ba abin yarwa ba ne, sai dai yanki ne da aka yanko daga cikin gwaji, kuma in ka yi ta yanka bayanai ƙanana-ƙanana, wani yankin zai yi kyau ko da dace ne. Likitocin Holan ɗin sun san haka, shi ya sa suka shirya wani gwajin mai suna SUBITO a kan masu mataki na 3 da ƙwayar sankararsu ke da raunin gyara kanta, irin masu matsala a ƙwayar gadon da ake kira BRCA. Suka gwama dashe da maganin zamani da ya haɗa da ƙwayar olaparib. Dashen bai yi fifiko ba.

Me ya sa ya yi aiki a wani wuri bai yi a nan ba?

Har gobe dashen ƙwayoyin mutum na kansa magani ne tabbatacce a myeloma, wata sankarar ɓargo, da lymphoma, sankarar kaluluwa, in ta dawo, da wasu sankarorin 'ya'yan maraina. Waɗannan ciwuka ne da ƙarin kemo ke ci gaba da cin su. Sankarar mama da ta bazu kuwa ba jinsi ɗaya ba ce ko a jikin mace guda. A cikinta akwai ƙwayoyin da suka riga suka koyi tofar da maganin ko gyara ɓarnar da ya yi, akwai masu barci da kemo ba ta cika taɓawa ba. Ka ninka maganin sau biyar, masu rauni su mutu, hoto ya yi fes, masu taurin kan su tsiro bayan watanni. Sannan ajiyar da aka mayar tana iya ɗauke da 'yan ƙwayoyin sankara. Dashen sikila da na sankarar jini kuma wani abu ne daban: ɓargon wani mutum ake sawa, don ɓargon ne ke da ciwon. An ɗan gwada irin wannan a sankarar mama da fatan sojojin jinin mai bayarwa za su far wa ƙarin, amma haɗarin su far wa jikin mai karɓa ya yi yawa, bai zama magani ba.

Ɗaya hanyar ba ta tsaya inda take ba

Wannan shi ne abin da ya fi sauya lissafin. Dashe ya kasa kayar da kemo ta shekarun 1990. Maganin yau kuwa ya wuce nan da nisa, kuma ba ta hanyar ƙara ƙarfi ya wuce ba, ta hanyar sanin irin ciwon. Ana yanko ɗan tsoka a kai ɗakin gwaji a duba abu uku: ER da PR, wato ko ciwon yana cin abinci daga sinadaran homon na mace, da kuma HER2, wata alama da ke sa ciwon saurin girma.

Kusan kashi 70 cikin ɗari masu jin homon ne. Mafi yawansu ba da kemo ake farawa ba ma. Ƙwayoyi ne kamar tamoxifen ko letrozole, a haɗa da ɗaya daga cikin palbociclib, ribociclib ko abemaciclib. A gwajin MONALEESA-2, ƙara ribociclib a kan letrozole ya kai tsakiyar tsawon rai wata 63.9, daga 51.4. Ma'anar "tsakiya" ita ce rabin matan sun wuce haka, rabi ba su kai ba. Ba wa'adi ba ne da aka yanka wa kowa. Masu HER2, kashi 15 zuwa 20, su ne a da ciwon ya fi yi wa gaggawa. Trastuzumab ya samu amincewa a Amurka a 1998, daidai lokacin da ake tsakiyar zazzaɓin dashe. A gwajin CLEOPATRA, haɗa pertuzumab da trastuzumab da docetaxel ya ba da wata 56.5, inda rukunin da ba pertuzumab ya samu 40.8. A ajiye wannan kusa da wata 26 na dashe, ko da yake ba mata ɗaya ba ne kuma ba zamani ɗaya ba, a ga inda ci gaban ya fito. Mai wuyar ita ce wadda ba ta da ko ɗaya cikin ukun, wadda ake rubuta wa triple negative a takardar gwaji. Nan kemo ce ginshiƙi har yanzu, amma ga masu alamar PD-L1 mai yawa, ƙara pembrolizumab ya kai wata 23 daga 16 a gwajin KEYNOTE-355, akwai kuma sacituzumab govitecan in na farko ya daina aiki. Masu gadon BRCA suna da olaparib ko talazoparib. In ciwon ya kama ƙashi, ana ƙara zoledronic acid ko denosumab don rage karaya, a gasa wurin da ke ciwo da haske.

Za a ce waɗannan sababbin magunguna tsada gare su, kuma ba ko'ina ake samun su ba. Gaskiya ne. Amma wannan ba hujja ba ce ta komawa ga dashe, domin shi ma tsadar gare shi, kuma tsofaffin magungunan da aka gwama shi da su, waɗanda bai fi su ba, su ne mafi araha a yau. Tamoxifen, letrozole, paclitaxel da capecitabine duk sun daɗe da fita daga hannun kamfani ɗaya. Trastuzumab ma yana da 'yan'uwa masu rahusa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance na farkonsu a Disambar 2019.

Ko a cikin kemo kanta darasin ya maimaitu. A mataki na 4, haɗa magunguna biyu ko uku lokaci guda ya fi saurin ƙanƙantar da ƙari, amma bai cika ƙara tsawon rai a kan bayar da su ɗaya bayan ɗaya ba, don haka ake ajiye haɗin sai in hanta ko huhu na neman gazawa ana buƙatar sauri. Inda ƙara matsi ya yi amfani shi ne bayan tiyata, kuma a hankali: ba da kemo bayan kowane mako biyu maimakon uku, da taimakon filgrastim, ba tare da kashe ɓargo ba. Gwajin da ya fito a 2003 ya nuna hakan na ƙara tsira.

To wanne za a zaɓa?

Ga mai mataki na 4, ra'ayina ba shi da kwana-kwana, kuma shi ne matsayin ƙa'idojin magani na manyan ƙungiyoyin likitocin sankara: dashen ɓargo ba ya cikin zaɓi. Yana cin makonni a asibiti da watanni na farfaɗowa, yana kusan tabbatar da ɗaukewar al'ada da rashin haihuwa, yana iya taɓa huhu da zuciya da ji, yana ƙara haɗarin sankarar jini daga baya, kuma bai ƙara kwana ba. Gaskiya ne mace-macen dashe sun ragu sosai yanzu saboda kulawa ta inganta. Amma rage haɗarin abu ba ya haifar masa da amfanin da ba shi da shi. Akwai kuma asarar da ba a cika lissafawa ba: ɓargon da ya sha irin wannan duka ba lallai ya jure magunguna na gaba ba, alhali jinyar mataki na 4 tafiya ce ta zango-zango, in wannan ya gaji a hau wancan.

Ga mai mataki na 3, hanyar da aka tabbatar ita ce kemo, galibi kafin tiyata, sai tiyatar, sai gashi da haske, sai maganin homon ko na HER2 gwargwadon irin ciwon. In wani likita ya kawo maganar dashe, wuri ɗaya ne maganar ke da mazauni: cikin gwajin bincike mai rajista, wanda kwamitin ɗa'a ya amince da shi.

Shiga gwaji kuwa ba abin gudu ba ne. Matan nan 199 na Filadelfiya da suka yarda aka jefa musu ƙuri'a su ne suka tsare dubbai daga wahalar banza, kuma duk magungunan da na lissafa a sama ta wannan ƙofa suka shigo. Sai dai ki tambaya kafin ki sa hannu. Gwajin a wane mataki yake, na farko da ake neman adadin da jiki zai ɗauka, ko na uku da ake gwama sabo da tsoho? Me ake ba ɗaya rukunin, shin maganin da ya fi kyau a yanzu ne? Me ake aunawa, ƙanƙancewar ƙari ko tsawon rai? Wa zai biya in wani abu ya faru? Kina da damar fita duk ranar da kika ga dama ba tare da an daina kula da ke ba, kuma dole a ba ki wannan a rubuce.

A yi hattara da wani abu mai kama da wannan da ba shi ba. Akwai wuraren da ke tallar "allurar ƙwayoyin asali" a intanet, wai tana ƙarfafa garkuwar jiki ta cinye sankara, da hotunan mutane suna murmushi da shaidar baki. Wannan ko matsayin dashen da aka gwada aka ajiye bai kai ba, don ba a gwada shi ba sam. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha yin gargaɗi a kan irinsu. Alamarsu ɗaya ce: kuɗi masu yawa tun a gaba, ga alƙawarin warkewa, in ka nemi lambar rajistar gwajin ko mujallar da aka buga sakamakon sai a shiga kame-kame.

Abin da ya kamata dangi su kashe ƙarfinsu a kai ya fi wannan sauƙi, ko da yake ba shi da kwarjini. A nemo takardar gwajin tsoka a ga an rubuta ER, PR da HER2. In ba a yi ba, a yi. In ciwon ya dawo bayan shekaru, a tambayi likita ko za a sake yankar tsoka daga sabon wurin, domin wani lokaci alamomin kan sauya, maganin ma ya sauya tare da su. A nemi masu kula da raɗaɗi da sauƙaƙa jinya tun da wuri, tare da maganin sankarar, ba sai ƙarshe ba. Sannan duk maganin da aka kawo, komai sunansa, a yi masa tambayar da aka makara ba a yi wa dashen ɓargo ba: "Likita, da aka gwama shi da wanda ake bayarwa yanzu a mata masu irin ciwona, wata nawa ya ƙara musu, kuma nawa daga cikin watannin suka yi a gida?"